Sun zo hayar gonar Baba don su gina kwamin sayanaid: wai mene ne wannan maganin?

Sanusi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman masu sani su fitar da ni duhu. Wasu baƙi sun zo garinmu, nan yankin Anka, suna sayen tsohuwar ƙasar da aka riga aka wanke zinarinta, wadda ke jibge a daba, wato wurin da ake niƙa dutse a wanke zinari, shekara da shekaru kowa ya ɗauka ta gama amfani. Sun ce har yanzu da sauran zinari a cikinta, kuma za su fitar da shi da wani magani wai shi sayanaid. Sun nemi Baba ya ba su hayar gonarmu ta bakin rafi su gina kwamaye na siminti. Kuɗin da suka ambata ya fi abin da gonar ke kawowa a damina uku. Baba ya ce in tambayo masa 'yan boko kafin ya buɗe baki. Mene ne sayanaid ɗin nan? Irin makuri ne ko wani abu daban?

Alhaji Nura Mai Zinari: Wa alaikumus salam. Ka ce wa Baba ya karɓi kuɗinsa, arziki ne ya biyo shi har gida. Kusan duk manyan kamfanonin zinari na duniya da shi suke aiki. Makurin da yaranmu ke murzawa da hannu ko rabin zinarin ba ya kamawa, saura duk yana tafiya cikin laka. Wannan kuwa tas yake tsotse shi.

Baba Ɗan'ige: Alhaji, haka anka ce muna lokacin da anka kawo injinan niƙa cikin gidaje. Arziki ya zo. Mu munka gina kaburburan ɗiyan da hannunmu. Ni in an ce magani da zinari wuri guda, gabana shi ka faɗuwa.

Malam Kabiru Gusau: Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Baba. Sanusi, bari in yi maka bayani yadda nake yi wa ɗalibaina, in na tsawaita a yi haƙuri.

Sayanaid ba sunan abu ɗaya ba ne, sunan dangi ne. Kowane ɗan gidan yana ɗauke da ƙwayar kabon ɗaya manne da ƙwayar naitirojin ɗaya. Wanda masu zinari ke amfani da shi shi ne sodiyam sayanaid. Fari ne fat, yana zuwa kamar gishiri ko dunƙule-dunƙule kamar ƙananan sabulai, kuma yana narkewa a ruwa nan da nan. Sunan daga Girkanci ya fito, ma'anarsa shuɗi mai duhu, don daga wani shuɗin fenti wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Scheele ya fara ware shi a 1782. Kada wani ya ɗauka yana da alaƙa da baban da ake rini da shi a marina, ba su haɗa komai ba.

Abin da ya sa ake son sa: zinari ƙarfe ne mai taurin kai, ba ya tsatsa, ba kowane sinadari ke iya narkar da shi ba. Amma ruwan sayanaid, in akwai iska a tare da shi, yana narkar da zinari ya shige cikin ruwan kamar sukari a shayi. Daga nan sai a kamo shi da tutiya ko da wani gawayi na musamman. A 1887 aka yi rajistar wannan dabara a birnin Gilasgo, MacArthur da 'yan'uwa biyu masu suna Forrest ne suka fito da ita, kuma ita ta ceto ma'adinan Afirka ta Kudu a lokacin da zaiba, wato makuri, ta kasa fitar musu da zinarin da ke cikin dutse mai zurfi. Don haka a nan Alhaji ya yi gaskiya. Ana kuma amfani da shi wajen yi wa sarƙa da zobe ruwan zinari ko na azurfa, da taurara ƙarfe, kuma ɗan'uwansa yana shiga cikin haɗa zaren nailan da wasu robobi.

Sai dai guba ne na gaske, cikin mafiya saurin kisa da aka sani.

Alhaji Nura Mai Zinari: To ai fetur ma guba ne Malam, ga shi kowa na sayar da shi a galan bakin titi.

Sista Rabi: Alhaji, don Allah kada ka haɗa su. Wanda ya sha fetur muna samun lokacin da za mu yi masa wani abu. Shi wannan, aikinsa shi ne ya hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin. Mutum yana numfashi, jininsa cike da iska, amma jikin ya kasa ɗauka, kamar mai ƙishirwa tsaye cikin gulbi an ɗaure masa baki. Ƙwaƙwalwa da zuciya su ke fara faɗuwa. Ciwon kai, jiri, haki, amai, sai jijjiga, sai suma. In ya yi yawa duk wannan cikin mintoci ne. Kuma ba sai an sha ba, yana shiga ta numfashi, yana shiga ta fata, musamman in da rauni ko ƙuje. Ku dubi hannun yaran da ke fasa dutse, akwai wanda ba shi da ciwo?

Akwai makarinsa, ban ce babu ba. Akwai allurar da ke dangin bitamin B12, akwai kuma wasu guda biyu da ake haɗawa. Amma ku tambayi kanku tsakani da Allah, daga bakin rafin su Sanusi zuwa inda za a samu wannan allurar da tukunyar oksijin, awa nawa ne a kan babur, da irin hanyarmu da irin halin tsaron da muke ciki?

Murtala Yauri: Sista ta gama magana.

Hafsat: Malam Kabiru tambaya gare ni, wataƙila ta fita daga layi. Na taɓa jin an ce irin wannan gubar ce ke cikin rogo mai ɗaci. Gaskiya ne? Don a ƙauyen kakata an taɓa kwasar gida guda zuwa asibiti bayan sun ci rogo, aka ce rogon ne ya bugar da su.

Malam Kabiru Gusau: Ba ta fita daga layi ba Hafsat, ita ce ma ta kawo mu gida. Gaskiya ne. Rogo yana da wani sinadari, linamarin, wanda in an fasa naman rogon yake sakin sayanaid. Mai ɗaci ya fi yawa, ɓawon ya fi ciki, kuma shekarar fari abin yana ƙaruwa. Duk wahalar da masu garin kwaki ke sha, feraya, gurzawa, matsewa a buhu kwana da kwanaki, soyawa, ba don daɗi kaɗai ba ne, gubar suke kora. Haka jiƙawa da shanyawar da ake yi wa na alabo. A Kwango da Mozambik, inda yunwa ta sa mutane suka riƙa gajarta jiƙon, an samu wata cuta da ake kira konzo, ƙafafu su sandare, kuma ba ta warkewa.

Ardo Bello: Ashe abin da ke cikin gyauron dawa ke nan? Mu tun muna yara an hana mu barin shanu su faɗa wa dawa ƙarama, ko gyauron da ya tsiro bayan girbi, balle wadda fari ya taɓa sannan ruwa ya sauka. Saniya za ta ci tana lafiya, kafin ka juya ta fara rawar jiki ta faɗi. Mu dai mun san ta da kisa, ba mu san sunan abin ba.

Malam Kabiru Gusau: Shi ne Ardo, ba wani ba. Ƙaramar dawa tana da nata sinadarin da ke sakin sa a tumbin dabba. In ta girma ta yi kara sai ya ragu. Kun riga mu sanin aikinsa, suna kawai muka fi ku.

Alhaji Nura Mai Zinari: Alhamdu lillahi, kun kawo hujjata da bakinku. Abin da ke cikin rogo da dawa, wanda muke ci tun kaka da kakanni, shi ake tsorata mutane da shi? Kuma ni na ji daga bakin waɗanda suka yi aikin a Burkina cewa rana tana kashe shi. In an bar ruwan a fili kwana kaɗan ya zama ruwa kawai. Makuri fa? Malam ka faɗa musu gaskiya, makuri yana mutuwa?

Malam Kabiru Gusau: Ba ya mutuwa. Zan ba ka wannan, Alhaji, don gaskiya ce, kuma mutane da yawa ba su san ta ba. Zaiba da dalma ƙarafa ne, ba sa ruɓewa, suna taruwa a ƙasa da jikin mutum, su yi ta ci a hankali shekara da shekaru. Sayanaid ba ya taruwa haka. Ɗan kaɗan da ke shiga jiki daga abinci, hanta tana juya shi ya fita ta fitsari. A ruwa marar zurfi kuma, rana da iska da ƙwayoyin halitta suna warware shi. Da za a ba ni zaɓi tsakanin masana'anta mai tsari da ke aiki da sayanaid, da yara ɗari suna ƙona makuri a cokali suna shaƙar hayaƙin, wallahi masana'antar zan zaɓa.

Amma ka lura da kalmar, mai tsari. Ga inda muka rabu.

Ruwan sayanaid dole a riƙe shi da laim, wato ƙonanniyar farar ƙasa, kuma a riƙa auna shi kullum. In laim ya yi ƙasa, ko wani abu mai tsami ya taɓa shi, ko da ruwan batir ne, sai ya saki iskar da ita ce asalin mai kisan. Wannan iskar a ma'aunin zafi 26 take tafasa. Anka a watan Afrilu muna haura 40. Wasu suna jin warinta, wasu kuwa Allah bai halicce su da jin sa ba sam, don haka hanci ba ma'auni ba ne. Wa zai riƙa aunawa a bakin rafin su Sanusi? Da wane abin awo?

Sannan maganar rana tana kashe shi, a sarari ne. Wanda ya tsiyaye ta tsagar siminti ya gangara ƙarƙashin ƙasa ya tarar da ruwan rijiya, can babu rana, yana iya daɗewa.

Baba Ɗan'ige: Malam, ka yi mani bayanin ƙasar da sunka ce suna saye. Wagga ƙasa ta daba ai ita ce mai dalma. Ko maganin nasu yana cinye dalmar?

Malam Kabiru Gusau: Baba ka taɓo inda ya fi damuna. Ba ya cinye ta. Dalmar da ta kashe yara sama da 400 a 2010 a Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji da sauransu, ba zuba ta aka yi ba, a cikin dutsen zinarin take. Niƙa shi a tsakar gida ya mai da ita ƙura, yara suka shaƙa suka haɗiya. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka kawo sabuwa, Bagega ma ba a samu yin nata ba sai 2013. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a Shikira ta jihar Neja. To tulin ƙasar da ta kwanta ta yi shekaru, in aka zo da tifa ana tona ta ana ratsa gari da ita, ƙurar wa za ta shaƙa? In sun gama tsotse zinarinsu, dalmar tana nan a gonar Baban Sanusi, su kuwa sun ƙara gaba.

Na biyu, wannan ƙasar an riga an wanke ta da makuri, akwai ragowarsa a ciki. Sayanaid yana narkar da makuri kamar yadda yake narkar da zinari, ya mai da shi abin da ruwa ke ɗauka cikin sauƙi. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya ke cikinta, ta lissafa zuba sayanaid a kan ƙasar da ke da makuri ba tare da an fara cire shi ba cikin munanan ayyukan da ake son a kawar gaba ɗaya. Wato ainihin abin da baƙin nan suka zo yi.

Murtala Yauri: To nan ne abin ya shafe mu. Gulbin Zamfara ta Gummi yake bi ya shigo Kebbi ya haɗu da na Sakkwato, su faɗa Neja, su sauko mana Yauri. Mu kifi ne abincinmu, shi ne kasuwarmu. Ku yi zinarinku ku sayi Hilux, mu a bar mu da kifi mai makuri.

Malam Kabiru Gusau: Murtala, sayanaid ɗin kwami biyu ko uku da wuya ya kai Yauri da ƙarfinsa, zai warware a hanya. Masu rafin kusa su za su ɗanɗana, kuma kifi ya fi mutum saurin mutuwa da shi nesa ba kusa ba. Makurin ne mai doguwar tafiya. Amma in abin ya yi yawa, shi ma sayanaid yana tafiya. A ranar 30 ga Janairu 2000, madatsar wani kamfanin zinari ta ɓalle a Baia Mare ta ƙasar Romaniya, ruwa mai sayanaid kimanin kubik mita 100,000 ya kwarara, ya bi kogin Tisa ya ratsa Hangari har ya kai Danub, ana kwasar matattun kifi da kwale-kwale. Kamfani ne mai injiniyoyi, a Turai, ruwan sama da narkewar ƙanƙara suka fi ƙarfin bangon. Bayan wannan ne aka kafa ƙa'idar duniya ta sarrafa sayanaid a ma'adinan zinari. Yanzu ka auna da kwamin bulo a bakin rafi, ruwan Agusta ya sauko cikin dare.

Alhaji Nura Mai Zinari: Ku dai 'yan boko kun iya tsoratarwa. An rufe haƙar ma'adinai a jihar nan tun Afrilu 2019, sai Disamba 2024 aka buɗe. Shekara biyar da ɗoriya mutane na cikin wahala, noma ya gagara saboda daji ba ya shiguwa. Yanzu wani ya zo da kuɗi a hannu ku ce a kore shi. Me za ku ba Baban Sanusi a madadin? Turanci?

Sista Rabi: Wannan tambayar tana da nauyi Alhaji, ba zan raina ta ba. Ni ma 'yan'uwana a ramin suke ci. Amma na yi aiki a ɗakin yara lokacin dalma. Na ga uwa da ta binne uku cikin wata ɗaya, kuma waɗanda suka rayu wasunsu yau samari ne da ba sa iya riƙe karatu. Babu wanda ya zo da niyyar kashe su, kowa abinci yake nema. Shi ya sa ba na yarda da "in sha Allahu ba abin da zai faru" in ba a ɗaure raƙumin ba.

Tunda abin ya riga ya shigo yankin, ko an ba su gonar ko ba a ba su ba, ku riƙe wannan. In wani ya faɗi kusa da kwami, kada ku ruga ku duƙa kansa a wurin, a janye shi zuwa sarari mai iska. A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikin da ruwa mai yawa, mai wankewar ya sa leda ko safar roba a hannu. Kada a hura masa iska baki da baki. Kada a ɗura masa madara ko manja, ba sa karya wannan gubar, sai dai su shaƙe shi. Kada a sa shi amai. A nufi asibiti nan take, kuma a faɗa wa ma'aikata sunan abin, kada a ɓoye don tsoron hukuma. Durom ko buhun da aka zuba shi kuma, har abada ba na ruwa ko hatsi ba ne, ko an wanke shi sau goma.

Hafsat: Wannan na durom ɗin shi ya fi ba ni tsoro. Mu mata in mun ga shuɗin durom mai kyau a kasuwa ba ma tambayar abin da ya taɓa ɗauka.

Ardo Bello: Ni kuma shinge. Saniya ba ta karanta allo. In ta ga ruwa da rani za ta sha, tsuntsu ma haka. Rafin nan da ake magana mashaya ce.

Malam Kabiru Gusau: Sanusi, ga shawarata, Baba shi ke da gonarsa. Kafin a yi maganar kuɗi, a tambaye su takardar izininsu daga ma'aikatar ma'adinai ta tarayya, da takardar da ta ba su damar riƙe wannan sinadarin, don ba kayan da ake shigowa da shi haka kawai ba ne. A tambaye su me za su shimfiɗa ƙarƙashin kwamin, ina ruwan zai tafi in sun gama, da me za su kashe gubar kafin su zubar, wa zai kwashe ƙasar bayan aiki. A yi tambayar gaban hakimi, ba a zaure ba. Mai aikin gaskiya ba zai ji haushi ba, amsoshin suna bakinsa. Amma ko sun amsa duka, ni ban ga dalilin da zai sa a yi wannan aiki a bakin rafi ba, sai don suna son ruwan kyauta da wurin zubarwa kyauta.

Alhaji Nura Mai Zinari: A kan bakin rafi na yarda. Su matsa tudu. Amma ban janye maganata ba, wannan maganin shi zai raba mu da makuri wata rana.

Malam Kabiru Gusau: Mai yiwuwa, in an tara masu haƙa a wurin sarrafawa guda mai shinge da ma'aikatan da suka san aikin, kowa ya kawo dutsensa a auna a biya shi. A kan wannan ni da kai ba mu da faɗa.

Sanusi: Jama'a na dawo. Jiya da daddare na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta, na Alhaji ma ban tsallake ba. Da safe baƙin suka zo, ya sa na yi musu tambayoyin Malam. Takarda sun ce tana wurin maigidansu. Da na tambayi inda ruwan zai tafi, ɗayansu ya nuna rafi da hannu ya ce damina za ta wanke. Baba bai ce musu komai ba sai "Allah ya ba mu alheri", ya ce shi tumatir zai sa bana kamar kullum.

Sai dai yanzu ƙanena ya shigo yake ce mini an gan su a gonar da ke sama da tamu, suna auna ƙasa da igiya. Ruwan da ya wuce can shi ke zuwa mana.

Baba Ɗan'ige: To ba maganar gona guda ba ce kuma. Sanusi, ka gaya ma babanka in an sauko Juma'a mu haɗu ƙofar hakimi, a kira mai waccan gonar, a kira Ardo. Malam Kabiru, mafi yawan waɗanda za su zo ba su karatun boko. Ka ɗauko muna bayanin ga da muryarka, kai da Sista, mu kunna musu.

Malam Kabiru Gusau: In sha Allahu Baba, yau bayan isha'i zan turo. Sista, ki yi naki daban a kan taimakon farko da maganar durom, kada ya wuce minti uku don ya yi sauƙin turawa.

Sista Rabi: Ina aikin dare yau, amma zan yi kafin in fita.